Baƙi Masu Shiru

A Hull, daren Talata, a saman shagon wanki,
injuna na gurnani ƙarƙashin ƙafafu.
Malama Ormerod ta rataye rigar ruwanta a ƙofa,
tana ɗiga.
Mutum tara, kujera goma sha biyu,
tagar da ke duban tashar jiragen ruwa ta yi gumi.

Ta rubuta *knife* a allo.
Ta ce, wannan *k* ɗin ku rubuta shi,
amma kada harshe ya taɓa shi.
Zbigniew, da ya wuni yana feɗe kifi
har ƙarni ya rako shi aji,
ya ce shekara shida wuƙar nan na hannunsa
bai san akwai bebe zaune a ƙotarta ba.
Aka kwashe da dariya.
Shi kam ya sunkuya ya rubuta.

*Q* ba ya fita shi kaɗai, in ji Malama,
duk inda ya sa ƙafa *u* na biye.
Senait ta gyaɗa kai, ta san wannan aikin:
tun asuba take tura keken wata tsohuwa
daga ɗaki zuwa taga, daga taga zuwa ɗaki,
ba a taɓa tambayar ta ya aka ji da hanya ba.

In jam'i ya zo, *y* kan kauce ya ba *i* wuri,
*city* ta koma *cities*.
Sai dai in wasali na tsaye a bayansa,
to ko gezau: *day*, *days*.
Duarte ya ajiye biro.
Ya ce kowace doka a ƙasar nan da ƙofar bayanta,
amma sai ɗan gida ya san inda take.
Malama ba ta musa ba.
Ta ce ita ma har yau, da furfurarta,
takan tsaya ta ƙirga *s* a cikin *necessary*.

Sai aka zo kan *e* na ƙarshen kalma.
Ga *hop*, tsalle ke nan.
Ƙara masa *e*, ba za ka ji muryarsa ba,
amma wasalin ciki zai miƙe ya faɗi sunansa,
tsalle ya zama fata.
In za ka ja kalmar, ka lura:
*p* biyu na mai tsalle ne, *p* ɗaya na mai sa rai.

Zbigniew ya zaro takarda daga aljihu,
ta sha ninki har ta yi laushi.
Wasiƙa ce ga mai gidan haya,
kwana goma sha ɗaya na'urar ɗumama ɗaki a mace.
Malama ta bi layi da ɗan yatsa, ta tsaya.
Ta ce, ka gaya masa kana tsalle ya zo ya gyara.
Ya ce, to ai ban yi ƙarya ba,
ki zo ɗakin da ƙarfe huɗu na dare ki gani.
Duk da haka ya karɓi biron Duarte
ya soke *p* ɗaya,
a hankali, kamar mai cire ƙaya daga tsokar kifi.

Ƙarfe tara injunan ƙasa suka yi tsit.
Kowa ya naɗe wuya, aka gangara matakala.
Senait ce ta tsaya goge allo,
ba don an sa ta ba, hannu ne ya saba.
Ta share wuƙa, ta share birane,
ta zo kan *e* ɗin nan, shi kaɗai a gefe,
ta ɗan dube shi.

Motar ƙarshe tara da kwata take tashi.
Ta ajiye tsumman ta kashe fitila.